Takunkumin Tattalin Arziki da Masu Ciwon Zaizayar Rigar Jijiya: Nazari Daga Tudun Wadar Zariya

Gabatarwa

Ranar 26 ga Yuli, 2023, abubuwa biyu suka faru waɗanda a ido ba abin da ya haɗa su. A birnin Janiba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da sabon jerin magungunan da ta ce ya wajaba kowace ƙasa ta tanadar wa jama'arta, kuma a karo na farko ta sa magunguna uku na wani ciwon jijiya da likitoci ke kira maltiful sikilirosis. A Yamai kuwa, a wannan rana ce sojojin fada suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, bayan kwana biyu Janar Abdurrahman Tchiani ya bayyana a matsayin shugaban mulkin soja. Ranar 30 ga watan shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja suka ƙaƙaba wa Jamhuriyar Nijar takunkumi, aka rufe kan iyaka. Watau a mako guda aka ce wa mai wannan ciwo maganinsa haƙƙinsa ne, aka kuma datse hanyar da maganin zai bi ya iske shi.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta nuna yadda takunkumi kan raba majinyaci da magani ko da ba a ambaci magani cikin takardar takunkumin ba. An zaɓi Tudun Wadar Zariya ta zama madogara domin nan ne tsohon mazaunin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, inda marasa lafiya daga sassan ƙasar Hausa suka daɗe suna dosa.

Kalmar takunkumi

Asalin takunkumi a wurin Bahaushe abin ɗaure bakin dabba ne. Akan saƙa shi da igiya ko kaba a sa wa jaki ko sa ko raƙumi don kada ya yi ɓarna a gonar mutane, akan sa wa ɗan maraƙi don a hana shi tsotso, gardi kuma kan sa wa kura don a yi wasa da ita a kasuwa ba ta ciji kowa ba. Daga nan ne masu fassarar labarai suka ari kalmar suka ba ta sabuwar ma'ana, watau matakin da ƙasashe kan ɗauka na hana wata ƙasa ciniki ko mu'amalar kuɗi ko shige da fice, har sai gwamnatinta ta bar abin da ake zarginta da shi.

Aron ya dace, amma ta fuska guda ya ɓoye gaskiya. Takunkumin jaki bakin jaki kaɗai yake kamawa. Na tattalin arziki kuwa da wuya ya tsaya a bakin wanda aka nufa, domin mai mulki yana da injin wutarsa da likitansa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan sha'ani ruwan ya fi dukan wanda bai san an yi hadari ba.

Ciwon da ba shi da suna

Hausa ba ta da sunan gargajiya na wannan ciwo. Sunan Turancin ma yana da tarko, domin kunnen Bahaushe kan ji shi kamar sikila, alhali ba dangantaka tsakaninsu: sikila ciwon jini ce da ake gado, wannan kuwa na jijiyoyin saƙo ne. Kalmar jijiya ita ma tana da faɗi, tana ɗaukar hanyar jini da agara da kuma zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Na ƙarshen ake nufi a nan. Da yawa daga cikin zaruruwan suna da riga mai maiƙo da ta lulluɓe su, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. A wannan ciwo garkuwar jiki ce kan juya ta far wa rigar, a ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar ido, ta zaizaye ta, ta bar tabo nan da can. Saboda haka a wannan maƙala za a kira shi ciwon zaizayar rigar jijiya.

Likitan nan na Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace kamannin ciwon a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum wajen miliyan 2.8 ke ɗauke da shi a duniya. Yakan fara tsakanin shekara 20 da 40, kuma mata sun ninka maza. Alamunsa ba su da tsari guda: wata idonta ɗaya zai dushe da zafi, wata ƙafarta za ta mutu, wani zai riƙa tangaɗi kamar mashayi, wani fitsari zai ƙwace masa, kusan kowa kuma yana fama da gajiya marar dalili. Zafin rana yakan tsananta alamun. Ga mafi yawan masu shi, wajen 85 cikin 100, ciwon kan zo ne ya tafi. Ya taso mako biyu ko uku, ya lafa watanni, har a ɗauka an warke, sa'an nan ya dawo ta wata gaɓa.

Wannan hali na zuwa da tafiya shi ya sa a gidaje da yawa ba a kai shi asibiti da wuri. Ciwon da ya makantar da ido a watan Rajab, ya sake shi a Sha'aban, ya koma ƙafa bayan Sallah, me zai hana a ce iska ce, ko sammu, ko jifa? In an yi hayaƙi ko an sha rubutu ciwon ya lafa don kansa, sai zaton ya ƙara ƙarfi. Likitoci ma sun daɗe suna ɗaukarsa ciwon ƙasashen sanyi. Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya bayyana a 1971 cewa da ƙyar ake ganinsa cikin dubban masu ciwon jijiya da aka duba a can. Gaskiya ne ya fi yawa a Turai da Amurka ta Arewa, sai dai a lokacin ba na'urar da za ta nuna tabon a ƙwaƙwalwar mai rai, kuma abin da ba a da idon ganinsa ba ya shiga lissafi.

Abin da majinyaci ke bukata

Ba a warkar da wannan ciwo, amma ana iya taka masa birki. In ya taso akan yi ƙarin ruwa na wani magani mai kwantar da kumburi kwana uku zuwa biyar. Muhimmin aikin kuwa shi ne hana shi tasowa, kuma tun 1993, lokacin da Amurka ta amince da allurar intaferon, magungunan wannan aiki suka yi ta ƙaruwa. Ukun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓa a 2023 su ne kiladiribin, wanda ƙwaya ce, da gilatirama, wanda allura ce ta ƙarƙashin fata, da rituksimab, wanda akan ɗura ta jijiyar jini kusan duk wata shida.

Kafin mutum ya kai ga maganin akwai tsani mai matakai. Da farko sai ya sami likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, su kuwa a manyan asibitocin koyarwa suke. Sai a ɗauki hotonsa da na'urar maganaɗisu da ake kira MRI, wadda ba ta aiki sai da wutar lantarki tsayayya, da iskar hiliyom mai sanyaya ta, da ruwan allura mai fito da tabo, da kayan gyara daga 'yan kamfanonin da ke ƙera ta, irin su Siemens da Philips da GE. Sau da yawa akan ɗebi ruwan laka a auna. Akwai kuma wani ciwo ɗan'uwansa mai kama ido da laka, wanda ya fi yawa cikin baƙar fata, ana bambanta su da gwajin jini da aka gano a 2004. Bambantawar ba ƙaramin abu ba ne, domin intaferon da ke taimakon wannan tana iya tsananta wancan. Bayan duk wannan sai kuɗin waje na sayen maganin, da bankin da zai yarda ya aika da kuɗin, da jirgi da tashar ruwa da kan iyaka. In maganin ya iso, intaferon da gilatirama da rituksimab duka sai an ajiye su a firji, tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin zafi.

Kowane ɗaya daga cikin matakan nan takunkumi yana iya karya shi. Mai zazzaɓin cizon sauro in ya rasa magani yau ya samu gobe, yakan warke sarai. Mai wannan ciwo in maganinsa ya yanke, ciwon ya taso, abin da ya tafi na gani ko na tafiya ba lalle ne ya dawo duka ba. Akwai ma magunguna biyu, fingolimod da natalizumab, waɗanda in an tsayar da su kwatsam ciwon kan dawo da ƙarfin da ya fi na da.

Tudun Wada da takunkumin 1995

Tudun Wada tun asalinta unguwar baƙi ce. Turawan mulkin mallaka suka keɓe ta a wajen ganuwar Birnin Zariya domin 'yan Arewa da ba Zagezagi ba, kamar yadda suka keɓe Sabon Gari domin mutanen Kudu. Daga baya aka kafa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta karɓi asibitocin gwamnati na Zariya da Kaduna da Malumfashi, na Zariyan kuwa shi ne na Tudun Wada. Nan aka horar da likitocin farko na jami'ar, nan kuma ya kasance cibiyar asibitin koyarwa har 2005 da aka koma mazauninsa na dindindin a Shika, kan hanyar Funtuwa.

A wannan tsohon mazauni asibitin yake lokacin da Nijeriya ta ɗanɗana nata takunkumin. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, ƙasashen Turai da Amurka suka fara ja da baya. Da gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba, 1995, sai ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Nijeriya, Tarayyar Turai ta hana sayar mata da makamai, ta hana jami'an gwamnati biza, ta kuma dakatar da yawancin taimakon raya ƙasa. Ba a hana sayen man Nijeriya ba, ba a kuma hana sayar mata da magani ba.

A nan tilas a yi adalci. Ba takunkumi ne ya kwantar da asibitocin koyarwa ba, ya tarar da su a kwance. Abacha da kansa, yana Birgediya, ya faɗa cikin sanarwar juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983 cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, manyan likitoci da yawa suka tafi Saudiyya da Ingila. Abin da ware ƙasar ya ƙara shi ne raunana cuɗanya da waje, ta tallafi da ta horo, daidai shekarun da duniya ta shiga sabon zamani wajen gano wannan ciwo da yi masa magani. An maido da Nijeriya cikin ƙungiyar ranar 29 ga Mayu, 1999.

Misalin Iran

Inda wannan al'amari ya fi fitowa fili shi ne Iran, domin ciwon yana da yawa a can, musamman a Tehran da Isfahan. Dokokin takunkumin Amurka da na Turai a rubuce sun keɓe abinci da magani. Amma a watan Maris na 2012 aka cire bankunan Iran daga tsarin SWIFT da bankunan duniya ke aika wa juna kuɗi ta cikinsa. Kamfani yana da izinin sayar da magani, mai saye yana da kuɗi, amma ba hanyar biya. Bankunan da ke da izini ma suka riƙa ƙin karɓar duk wata takarda mai sunan Iran, don gudun tarar Amurka. A wannan shekara Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Ban Ki-moon, ya shaida wa Babban Zaure cewa ana ƙarancin magungunan ciwon daji da na zuciya da na wannan ciwo na jijiya, ya ambace shi da sunansa. Yarjejeniyar nukiliya ta 2015 ta kawo sauƙi, amma a watan Mayu na 2018 Amurka ta fice daga cikinta, takunkumin ya dawo, darajar kuɗin Iran ta faɗi warwas.

Abu guda ya rage wa majinyatan can raɗaɗi. Tun kafin 2012 wani kamfanin ƙasar, CinnaGen, yana yin tasa allurar intaferon mai suna CinnoVex. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk da haka sinadaran haɗawa da na'urori daga waje ake sayo su, kuma wanda jikinsa bai karɓi maganin gida ba dole ya nemi na waje da tsada.

Nijar, 2023

Takunkumin da aka sa wa Nijar ya bambanta da na Iran, ya kuma bambanta da wanda ECOWAS ɗin ta sa wa Mali daga Janairu zuwa Yuli na 2022. Na Mali ya keɓe abinci da magunguna da kayan asibiti da man fetur da wutar lantarki. Sanarwar Abuja ta 30 ga Yuli, 2023 ba ta keɓe ko ɗaya ba. An rufe iyakokin ƙasa da na sama, an dakatar da ciniki da mu'amalar kuɗi, an riƙe kuɗin gwamnatin Nijar da ke babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa. Abin mamaki, wata bakwai kacal kafin haka, a Disamba 2022, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2664 wanda ya keɓe ayyukan agaji daga takunkumansa na riƙe dukiya.

Nijar ba ta da gaɓar teku. Kafin takunkumin mafi yawan kayanta, har da magunguna, ta tashar Kwatano suke shigowa, su haura gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Da aka rufe gadar sai kwantenoni suka maƙale. A watan Satumba ƙungiyar masana haɗa magunguna ta Nijar ta yi kukan ƙarancin magungunan ciwon daji da na sukari da na zuciya da masu kashe ƙwayoyin cuta. Daga baya aka karkata kaya ta Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, hanya mai nisa da haɗari. Maganin da ke bukatar sanyi ba ya jure makonni a bayan babbar mota. Rituksimab kuwa asalinsa maganin ciwon daji ne na jini, a kantar masu ciwon daji yake, saboda haka duk abin da ya taɓa su ya taɓa mai zaizayar rigar jijiya.

Sai maganar wuta. A farkon Agusta Nijeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, wanda ya kai wajen 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Layi ɗaya ta Birnin Kabi yake bi zuwa Yamai, wani kuma daga Katsina zuwa Gazawa, shi ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Yanke wuta ga mai wannan ciwo duka uku ne a lokaci guda. Firjin da allurarsa take ciki ya mutu, na'urar hoto ta koma dogaro da injin mai shan gas, fankar da ke rage masa zafin da ke tayar da alamun ciwonsa ita ma ta tsaya.

Hanya ta uku da aka datse ita ce wadda ta shafi Zariya. Ga mutumin Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni, manyan asibitocin Katsina da Kano da Sakkwato da Zariya sun fi na Yamai kusa, ko kuma sun fi sauƙin zuwa, ga harshe ɗaya, ga dangi da za a sauka wurinsu. Alal misali, a ɗauka wata matar aure ce 'yar shekara 28 a Maraɗi, an gano ciwonta a Shika, an ɗora ta kan ƙarin ruwa na duk wata shida, tana kuma sauka gidan ƙanin mahaifinta a Tudun Wada. A da tafiyar yini guda ce: Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Zariya. Da aka rufe Jibiya da Illela da Kwangwalam da Maigatari, mutane ba su daina ƙetarewa ba, sun koma bin ɓarauniyar hanya a kan babur, cikin daji, da kuɗi ninkin-ba-ninki. Ɗan kasuwa mai ƙarfi a jika yana iya wannan. Macen da ƙafarta ɗaya ba ta ɗauka, wadda ba ta iya riƙe fitsari, ba za ta iya zama a bayan babur cikin yashi da rana ba, a yankin da 'yan bindiga suka addaba.

Ko da ta iso, wani cikas yana jiranta wanda ba na takunkumi ba ne. A watan Yuni na 2023 gwamnatin Nijeriya ta sake wa naira mara, darajarta ta zube. A watan Agusta kamfanin GSK ya ba da sanarwar daina harkarsa ta kai tsaye a ƙasar, a Nuwamba Sanofi ya bi sahu, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi a kemis-kemis na Zariya kamar na ko'ina. Wannan ya nuna cewa ƙasar da ba ta yin maganinta tana iya shan irin wahalar takunkumi ba tare da kowa ya sa mata shi ba.

Mutanen Arewa ba su yi shiru ba. Sanatocin yankin sun ƙi amincewa da yaƙi da maƙwabta, malamai da sarakuna suka yi ta kai da kawowa tsakanin Abuja da Yamai. A ƙarshen Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fice daga ECOWAS. A watan Fabrairu Janar Yakubu Gowon, wanda a Wusasa ta nan Zariya ya tashi, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a Legas a 1975, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon a ɗage takunkumin. Ranar 24 ga Fabrairu aka ɗage shi, aka ce don jin ƙai. Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakar Nijeriya ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga watan. A ranar da aka ɗage takunkumin Bazoum yana tsare, sojoji suna kan mulki.

Daga 30 ga Yuli zuwa 24 ga Fabrairu kwana 209 ne. Daga rufe iyaka zuwa buɗe ta a ɓangarorin biyu kusan wata takwas ne. Tazarar da ke tsakanin ƙarin ruwa da ƙarin ruwa wata shida ce. Ke nan duk ranar da matar nan ta Maraɗi ta karɓi na ƙarshe, ko da a jajibirin taron Abuja ne, lokacin na gaba ya zo ya wuce ƙofar Jibiya tana garƙame.